Rujar na Biyu, Sarkin Sisiliya (1095-1154): Mulki Ɗaya da Harsuna Uku

A jikin bangon tsohuwar fadar birnin Falermo, kusa da ƙofar majami'ar sarki, akwai wani allon dutse da aka sassaƙa wa rubutu domin tunawa da agogon ruwa da aka ƙera bisa umurnin sarki. Agogon ya daɗe da ɓacewa, amma rubutun yana nan cikin harsuna uku: Latinanci a sama, Girkanci a tsakiya, Larabci a ƙasa. Kowane harshe ya zo da lissafin shekarunsa. Na Latinanci ya ce shekara ta 1142 daga haihuwar Annabi Isa, na Girkanci ya ce 6650 daga halittar duniya bisa ƙidayar Rumawa, na Larabci kuwa ya ce 536 bayan Hijira. Sarkin da ya sa aka yi wannan aiki shi ne wanda Faransawa ke kira Roje na Biyu, marubutan Larabawa kuma suka san shi da Rujar. Da wannan suna na biyu za mu kira shi a nan. Tarihinsa ya shafi duk mai nazarin harshe, domin yana cikin misalai mafi bayyana na yadda hukuma ke zaɓen harsunan da za ta yi mulki da su, da abin da wannan zaɓi ke jawo wa masu magana da su.

Asalin gidansu

Kakannin Rujar Normawa ne, wato jikokin mayaƙan ruwa na arewacin Turai da suka zauna a arewa maso yammacin Faransa tun shekarar 911, suka karɓi Kiristanci da harshen Faransanci, ƙasar ta ɗauki sunan Normandi. A farkon ƙarni na 11 ƙananan baradensu suka riƙa kwarara kudancin Italiya suna aikin sojan haya. A lokacin ƙasar a rarrabe take tsakanin Rumawan Gabas masu Girkanci, da sarakunan Lambardawa, da wasu birane masu cin gashin kansu. Baƙin da aka ɗauka haya ba su jima ba suka fara kama ƙasa don kansu.

Cikinsu babu waɗanda suka kai ƴaƴan wani ƙaramin hakimi mai suna Tankared na garin Otbil. Ɗansa Robar Giskar ya sami amincewar Fafaroma Nikolas na Biyu a garin Melfi a 1059 a matsayin uban ƙasar Afuliya da Kalabriya, har da tsibirin Sisiliya in ya iya cin sa. Tsibirin kuwa yana hannun Musulmi. Sun fara shigarsa a 827 ƙarƙashin jagorancin Asad ibn al-Furat, alƙalin Ƙairawan kuma sanannen malamin fiƙihu, suka ci Falermo a 831. Matafiyin nan Ibn Hauƙal, da ya ziyarci birnin a ƙarni na 10, ya ba da labarin masallatai kimanin 300 a cikinsa da kewayensa. Amma zuwa tsakiyar ƙarni na 11 sarakunan Musulmin tsibirin sun rabu suna yaƙar juna, har ɗayansu ya gayyato Normawa su taimake shi. Ƙanen Robar, Rujar na Ɗaya, shi ya ɗauki nauyin yaƙin. Masina ta faɗi a 1061, Falermo a 1072, garin Noto da ya rage a ƙarshe ya miƙa wuya a 1091. Shekara 30 cur aka yi ana wannan fafatawa.

Ƙuruciya a hannun uwa

An haifi Rujar na Biyu ranar 22 ga Disamba 1095. Mahaifinsa ya rasu a 1101, wansa Siman kuma ya bi shi a 1105, sarauta ta faɗo kan yaro ɗan shekara tara. Mahaifiyarsa Adalasiya, ƴar wani babban gida daga arewacin Italiya, ita ta riƙe ƙasar har 1112. Ba ta amince da hakiman Normawa ba sosai, don haka ta dogara ga ma'aikata Girkawa da Larabawa, ta kuma mai da mazaunin mulki daga Kalabriya zuwa Sisiliya, har aka daidaita a Falermo. Akwai wata takardar umurni tata ta shekarar 1109, rubutacciya da Girkanci da Larabci, wadda ke ajiye a Falermo har yau, kuma ana ɗaukar ta a matsayin takardar hukuma mafi tsufa da ta rage a Turai wadda aka rubuta a kan takarda maimakon fata. A cikin irin wannan gida yaron ya tashi, nesa da Normandi da bai taɓa gani ba. Da ya girma ma, da Girkanci ya saba sa hannu a takardunsa.

Wani abu da ya faru da mahaifiyarsa ya bar masa tabo. A 1113 Baldwin na Ɗaya, sarkin Kudus na ƴan Salibiyya, ya aure ta saboda dukiyarta, da sharaɗin cewa in ba su haihu ba Rujar ne zai gaji sarautar Kudus. Bayan an cinye dukiyar, sai aka tuna cewa sarkin yana da wata matar da ba a raba aurensu ba. Aka sallamo Adalasiya a 1117, ta koma Sisiliya a wulaƙance, ta rasu a shekara mai zuwa. Marubucin tarihin ƴan Salibiyya, Wilyam na Tayar, ya danganta ƙin taimakon da Sisiliya ta yi wa masarautar Kudus da wannan cin fuska. Ko ba komai, Rujar bai taɓa fita yaƙin Salibiyya ba duk tsawon mulkinsa.

Hanyar zuwa gadon sarauta

Yunƙurinsa na farko a ƙetaren teku bai yi kyau ba. A 1123 ya aika da runduna ta kai wa birnin Mahdiya hari a gaɓar Tunisiya ta yau, aka fatattake ta. Sa'arsa ta zo ne daga wani gefen. A 1127 ɗan uwansa Wilyam, uban ƙasar Afuliya kuma jikan Robar Giskar, ya mutu bai bar ɗa ba. Rujar ya ƙetara da jirage ya nemi gado. Fafaroma Honoriyus na Biyu ya ga haɗari a haɗuwar Sisiliya da kudancin Italiya a hannun mutum ɗaya, ya kore shi daga coci, ya tara masa hakimai. Rujar ya ƙi gwabzawa, ya yi ta jan lokaci har guzurin abokan gaba ya ƙare suka watse. A watan Agusta 1128 Fafaroman ya naɗa shi a bakin birnin Benebento. A shekara mai zuwa ya tara hakimai a Melfi ya sa suka rantse za su bar yaƙin junansu, su kuma kare matafiya da fatake da manoma.

A 1130 cocin Roma ta rabu biyu, aka zaɓi Fafaroma biyu a rana ɗaya: Inosan na Biyu da Anakletus na Biyu. Sarakunan Faransa da Ingila da Jamus suka bi Inosan. Anakletus yana riƙe da birnin Roma amma ba shi da mai kare shi sai Rujar. Ladan da Rujar ya nema shi ne kambin sarauta, kuma ya samu. Ranar Kirsimeti ta 1130 aka naɗa shi sarki a babbar majami'ar Falermo. Kafin wannan rana ba a taɓa yin wata masarauta da ta haɗa Sisiliya da Kalabriya da Afuliya ba. Domin a rufe bakin masu cewa sabon abu ne, magoya bayansa suka yaɗa cewa Falermo ta taɓa zama mazaunin sarakuna a zamanin da, ana dai mai da tsohon abu ne wurinsa.

Shekaru tara na yaƙi

Samun kambi ya fi riƙe shi sauƙi. Hakiman kudancin Italiya jikokin mutanen da suka ci ƙasa da takobinsu ne, ba su ga dalilin durƙusa wa tsaransu ba. Jagoransu shi ne Rainulf na Alife, mijin ƴar uwar Rujar. A watan Yuli 1132 ya karya rundunar sarki a Nocera, har sarkin ya tsira da ƙyar. A 1135 matar Rujar, Elbira ƴar sarkin Kastila, ta rasu. Baƙin ciki ya sa ya kulle kansa a fada har aka yi ta raɗe-raɗin ya mutu, tawaye ya sake tashi. Sannan babban malamin coci Barnar na Kilerbo ya zuga Lotar, sarkin sarakunan Jamus, ya sauko da runduna a 1137, ya ci Bari da Salerno. Rujar ya koma tsibirinsa ya jira. Zafin bazara ya gajiyar da Jamusawa, kuma Lotar da Fafaroma Inosan suka yi gardama a kan wanda ke da ikon naɗa sabon uban ƙasar Afuliya, har sai da su biyun suka kama tuta ɗaya tare suka miƙa wa Rainulf. Lotar ya juya gida, ya mutu a hanya. Rainulf ya sake kayar da Rujar a Rinyano a watan Oktoba na wannan shekara.

A filin daga Rujar ba gwarzo ba ne, an ci shi sau biyu a manyan gwabzawa. Ƙarfinsa yana cikin baitulmali da jiragen ruwa da haƙuri. Yana da kuɗin biyan soja duk shekara, cikinsu har da maharba Musulmi daga Sisiliya waɗanda korar Fafaroma ba ta dame su ba, alhali abokan gabansa suna dogara ga mayaƙan da ke komawa gida bayan ƴan watanni. Anakletus ya mutu a 1138, Rainulf ya mutu da zazzaɓi a watan Afrilu 1139. Fafaroma Inosan ya fito da kansa da runduna, ɗan sarki ya yi masa kwanton ɓauna a Galucciyo ya kama shi. Ranar 25 ga Yuli 1139, a Minyano, Fafaroman da ke tsare ya tabbatar wa Rujar sarautarsa.

Abin da ya biyo baya ya nuna ɗaya fuskar mutumin. Ya sa mutanen garin Toroya suka tono gawar Rainulf daga kabari, aka ja ta a titi aka jefa a kududdufi. A Bari ya rataye shugaban birnin da mashawartansa bayan sun miƙa wuya. Falko, wani magatakarda na Benebento da ya rubuta tarihin waɗannan shekaru, ya ɗauke shi azzalumi marar imani, shi kuwa Iskandar na Telese ya ga a cikinsa sandar da Allah ya aiko don horon ƙasar da ta lalace. Dukansu biyu sun shaida abu ɗaya, kowa daga inda yake tsaye.

Gina hukuma

Da yaƙi ya lafa, Rujar ya juya ga doka. Wajen 1140 ya fitar da jerin dokokin da aka fi sani da dokokin Ariyano, waɗanda aka ciro da yawansu daga tsohuwar dokar Rumawa ta Sarki Jastiniyan. Sun ɗora sarki a kan kowa, sun mai da jayayya da hukuncinsa kusa da saɓon abin tsarki, sun hana hakimai sayar da abin da yake haƙƙin sarauta. Ɗaya daga cikinsu ta wajabta wa duk mai son yin aikin likita ya bayyana gaban ma'aikatan sarki a jarraba shi tukuna. Wata kuma ta ce al'ummomin da ke ƙarƙashinsa, saboda bambancinsu, za su ci gaba da bin al'adunsu da dokokinsu matuƙar ba su yi karo da dokar sarki a fili ba. Ta haka Musulmi suka riƙe alƙalansu, Girkawa da Yahudawa su ma suka riƙe nasu shari'o'in cikin gida.

Ya naɗa alƙalan sarki da ma'aji a lardunan Italiya, ya buga sabon kuɗin azurfa mai suna dukalis a 1140, ya ci gaba da buga ƙaramin kuɗin zinariya da ake kira tari, wanda asalinsa rubu'in dinari ne na Musulmi, da rubutun Larabci a jikinsa. A 1144 da 1145 ya umurci duk mai riƙe da takardar mallakar ƙasa ya kawo ta fada a duba a sabunta. Wajen 1150 aka fara tattara rajistar hakimai, inda aka rubuta yawan baraden da kowane ɗayansu zai kawo in an yi shelar yaƙi.

Babban mataimakinsa a wannan aiki shi ne Jurji na Antakiya, Kirista ɗan Sham mai Larabci da Girkanci, wanda ya yi wa sarakunan Ziriyawa na Mahdiya aikin kuɗi kafin ya gudo Sisiliya. Muƙaminsa shi ne amirin amirai. Da yake shi ne kuma shugaban jiragen yaƙi, kalmar amir a siffarta ta Latinanci ta koma nufin babban hafsan ruwa, kuma ta nan Faransanci ya sami kalmar amiral. Ofishin da ke kula da ƙasa da haraji kuwa sunansa diwan. Wannan kalma ta Larabci ce ta shiga Italiyanci da ma'anar wurin karɓar kuɗin fito, daga can ta shiga Faransanci, daga Faransanci ta iso bakinmu a matsayin duwan. Mai tsayawa a shingen duwan na Ɗan Isa ko na Birnin Ƙwanni yana furta kalmar da ta zagaya Bahar Rum kafin ta ƙetaro Sahara.

Harsunan fada

Hukumar Rujar ta yi rubutu da harsuna uku, kuma kowanne da aikinsa. Latinanci na hulɗa da coci da hakiman Italiya ne. Girkanci na umurnin sarki ne a Kalabriya da gabashin Sisiliya. Larabci kuwa na iyakokin gonaki da jerin sunayen manoman da doka ta ɗaure su da ƙasar da suke nomawa. Waɗannan jerin sunaye, da ake kira jara'id, taska ce ga masu nazarin harshe. A da yawansu an rubuta suna da Larabci, sannan aka maimaita shi da haruffan Girkanci. Tun da rubutun Girkanci yana nuna wasula dalla-dalla, ta nan ake gane yadda talakan Sisiliya yake furta Larabcinsa, wanda ya bambanta da na littafi. Wannan karin Larabci ya mutu a Sisiliya, amma ɗan uwansa na kusa yana raye a tsibirin Malta, inda ya zama harshen ƙasa da ake rubutawa da haruffan boko.

Akwai wasu shaidun. A ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan akwai littafin Zabura daga Sisiliya ta wannan zamani mai layi uku a kowane shafi, Girkanci da Latinanci da Larabci. A Falermo akwai dutsen kabarin wata mata mai suna Anna, mahaifiyar wani limamin fada, wadda ta rasu a 1148. Rubutu huɗu ne a kansa, na huɗun Larabci ne da haruffan Ibrananci, wato irin dabarar da muka sani a ajami ta ɗaukar haruffan wani harshe a rubuta wani. A majami'ar da Jurji ya gina akwai hoton Rujar sanye da tufafin sarakunan Rum, an rubuta muƙaminsa na sarki da kalmar Latinanci amma da haruffan Girkanci. Alkyabbarsa ta jan alharini, wadda ke birnin Biyana yanzu, tana da rubutun Kufi a gefenta mai ɗauke da shekarar 528 ta Hijira. A kuɗinsa da takardunsa na Larabci laƙabinsa al-Mu'utazz billahi, irin na halifofi.

Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, binciken zamani ya nuna cewa diwanin Larabci na Rujar ba gadon sarakunan Musulmin tsibirin ba ne kai tsaye. Bayan 1130 aka sake gina shi, ana koyi da salon rubutu da tsarin fadar Fatimiyawa ta Alƙahira. Sarki ya zaɓi Larabci ne don ya yi kama da manyan sarakunan zamaninsa, ya kuma nuna cewa duk al'ummomin tsibirin da harsunansu a tafin hannunsa suke. Na biyu, zanen da ke kan alkyabbar zaki ne ya danne raƙumi a kowane gefe na itacen dabino, kuma masana da yawa suna fassara shi da rinjayen gidan sarautar a kan Musulmi. Musulmin Sisiliya suna biyan jizya, wato an juya musu tsarin da suka san shi a da. Harshensu yana kan rigar sarki, su kuwa mafi yawansu sunayensu na cikin rajistar manoman da ake bayarwa kyauta ga majami'u tare da gonaki.

Teku da gaɓar Afirka

Arzikin Sisiliya alkama ce. Arewacin Afirka na sayenta da zinariya, kuma masana tarihi suna ganin wani kaso na wannan zinariya daga ƙasashen Sudan ta yamma ya ƙetaro hamada. Da fari da yunwa suka addabi ƙasar Ifriƙiya a shekarun 1140, sarakunanta suka rasa abin biya, Rujar ya ga dama. Tun 1135 ya riga ya kama tsibirin Jarba. Jurji ya ci Tarabulus a 1146, sannan Mahdiya da Susa da Safaƙus a 1148. Sarkin Mahdiya, al-Hasan, ya fice daga birnin ba tare da yaƙi ba. Rujar bai cika garuruwan da baƙi ba. Ya bar musu gwamnoni da alƙalai daga cikinsu, ya karɓi haraji, ya ɗauki wasu manya zuwa Sisiliya a matsayin jingina.

A gabas kuma, a 1147, jiragensa suka kama tsibirin Korfu, suka washe biranen Tibis da Korinti na Girka, suka kwaso masaƙan alharini zuwa Falermo. A 1149 suka isa har gaban Kustantiniya suka harba kibau wajen fadar sarkin Rum. Sarakuna biyu, na Jamus da na Rum, sun ƙulla yarjejeniyar kawar da shi, amma ba su taɓa samun sukunin aiwatar da ita ba.

Al-Idrisi da littafin Rujar

Wajen 1138 wani sharifi masani, Muhammad al-Idrisi, ya zo fadar Falermo. Sarki ya ɗora masa aikin tattara bayanin duniya. Shekara 15 aka yi ana tambayar fatake da matuƙan jirage da manzanni, ana gwada maganar wannan da ta wancan, ana ajiye abin da suka dace a kai, ana zubar da abin da suka saɓa. Aka zana sakamakon a kan babban faifan azurfa, aka kuma rubuta littafi mai suna Nuzhat al-Mushtaƙ fi Ikhtiraƙ al-Afaƙ, wanda aka fi sani da Kitab Rujar. Ya raba duniyar da aka sani gida bakwai daga kudu zuwa arewa, kowane gida kashi goma, aka sami taswira 70, kudu a sama, arewa a ƙasa. Faifan azurfar ya ɓace, littafin ya rage.

Nan ne labarin ya taɓo ƙasarmu. Al-Idrisi ya yi bayanin Gana da Kaukau, wato Gawo, da Kanem, ya kuma yi magana a kan Kawar, jerin dausayin da ke arewa maso gabashin Nijar ta yau, da alif ɗin da ake haƙowa can ana kai shi Masar da Magrib. Bai zo da ƙafarsa ba, kuma ya yi kurakurai, musamman a kan kogunan yankin da ya haɗa su da Nilu. Duk da haka, bayanin da fataken hamada suka kai wa wani sarki Kirista a tsakiyar teku yana cikin abin da masu tarihin Sahel ke dogaro da shi a kan ƙarni na 12.

Ƙarshen rayuwa

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da rashi. Ƴaƴansa maza uku da ya shirya wa mulki, Tankared da Alfonso da Rujar babbansu, duk sun riga shi mutuwa. Wilyam kaɗai ya rage, ya naɗa shi abokin sarauta a 1151. A wannan lokaci ne kuma Jurji ya rasu. Wanda ya karɓi jagorancin jirage shi ne Filibus na Mahdiya, bābā da ya tashi a fada. A 1153 ya ci garin Buna, wato Annaba ta Aljeriya, ya kuma bar wasu malamai da salihan garin suka fita da iyalansu lafiya. Da ya dawo aka tuhume shi da cewa Kiristancinsa na baki ne, a ɓoye Musulmi ne. Aka yanke masa hukunci, aka ƙone shi a gaban fada a ƙarshen wannan shekara. Ibn al-Asir, wanda ya yabi Rujar a kan kare Musulmi daga zaluncin Faranjawa, ya ɗauki wannan kisa a matsayin farkon masifar da ta faɗa wa Musulmin tsibirin.

Al-Idrisi ya kammala littafinsa a watan Shawwal 548, daidai da Janairu 1154. Ranar 26 ga Fabrairu 1154 Rujar ya mutu a Falermo yana da shekara 58. Ya tanadi akwatin jan dutse a majami'ar Cefalu da ya kafa a 1131 don a binne shi can, amma ba a cika masa wannan buri ba, a Falermo aka sa shi. Romuwal, babban limamin Salerno da ya san fadar, ya kwatanta shi da mutum mai girman jiki da kaushin murya, mai kaifin basira, wanda ya fi dogara ga dabara bisa ƙarfi, kuma talakawansa sun fi tsoronsa bisa ƙaunarsa.

Abin da ya bari

Mulkinsa na Afirka bai daɗe ba. Safaƙus ta yi tawaye a 1156, gwamnanta Umar al-Furriyani ya san cewa za a kashe mahaifinsa da ke jingine a Sisiliya, kuma haka aka yi. Muwahhidai suka karɓe Mahdiya a 1160. A 1161 aka yi wa Musulmin Falermo kisan gilla lokacin wani tawayen hakimai. Da matafiyi Ibn Jubair ya ratsa tsibirin a 1184 zuwa 1185, ya tarar da fada cike da ma'aikata masu ɓoye Musuluncinsu, da iyaye masu neman aurar da ƴaƴansu mata ga baƙi don su fitar da su daga ƙasar. Ƴar Rujar, Konstans, wadda aka haifa bayan rasuwarsa, ta auri ɗan sarkin Jamus, sarautar ta koma gidansu a 1194. Ɗanta Firedirik na Biyu ne ya kwashe sauran Musulmin Sisiliya zuwa garin Lucera na Italiya, aka kuma rushe wannan zango a 1300. Baƙi daga Italiya suka cika tsibirin, Larabci ya mutu, Girkanci ya ƙanƙance, sai ƴan kalmomin noma da ban ruwa da sunayen garuruwa suka rage a bakin mutanen Sisiliya.

Masarautar da ya ƙirƙira kuwa ta rayu. Ta sauya gidajen sarauta, ta rabu ta sake haɗuwa, amma iyakarta ta arewa kusan ba ta motsa ba har zuwa haɗewar Italiya a 1860 da 1861, wato shekara 700 da ɗoriya. Harsuna ukun da suka taru a kan allon agogon ruwa ba su kai ko rabin haka ba. Sun zauna tare ne muddin sarki yana da buƙatarsu kuma yana da ƙarfin kare masu su, ba tare da wata doka da ta daidaita matsayin mutanen ba. Da buƙatar ta kau, harshen masu ƙasa da coci ya haɗiye sauran. Ɗalibin da zai auna matsayin wani harshe a cikin hukuma zai amfana da wannan darasi: ganin harshe a kan kuɗi da tuta da bangon fada bai isa shaida ba, sai an duba a wane shafi na rajista aka rubuta sunayen masu magana da shi.